Farautar dila da mota a Yamai: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin masu gyaran rediyo da waya, da ɗaliban lantarki, da wasu direbobi a nan Yamai, duk lokacin da aka ɗauko zancen neman ɓoyayyar na'urar watsa sigina da mota. An fara da na sabon shiga, aka gangara zuwa na wanda ya riga ya riƙe eriya. Mai sauri, in ba zai karanta komai ba, ya karanta amsar lasisi da ta jami'an tsaro kafin ya sayi ko da ƙusa ɗaya.

Mece ce farautar dila, kuma ina dilan yake?

Wasa ne na masu rediyon sha'awa, wato mutanen da hukuma ta ba lasisin yin magana da gwaje-gwaje ta rediyo ba don neman kuɗi ba. Mutum ɗaya zai ɗauki ƙaramar na'ura mai watsa sigina, ya tafi wurin da shi kaɗai ya sani, ya kunna ta. Shi da na'urarsa su ne dila. Sauran su taru wuri guda, kowace tawaga da motarta, da rediyon saurare, da eriya mai nuna ɓangaren da sigina ya fi ƙarfi, sannan su bazu nemansa. Ba a gaya musu unguwa, ba a ba su alama. Abin da ke hannunsu kawai shi ne ƙarar da ke fitowa daga rediyo da ma'aunin da ke hawa yana sauka.

Lafiyar mota ba ta kai mutum, tsadar kaya ma haka. Wanda ya saba riga kowa shi ne wanda ya san lokacin da sigina yake yi masa ƙarya, kuma a birni irin namu yakan yi ta da yawa.

Daga ina wasan ya samo asali?

Gano inda sigina yake fitowa aikin soja ne da na jiragen ruwa tun farko. A yaƙin duniya na biyu da shi aka riƙa bin sawun jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus a tekun Atalantika. Bayan yaƙi masu rediyon sha'awa na arewacin Turai suka mai da shi wasa. An yi gasar nahiyar Turai ta farko a Sitokholm a 1961, ta duniya ta farko kuma a ƙasar Folan a 1980, a ƙarƙashin IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya da aka kafa a Faris a 1925. Wannan duk na ƙafa ne. Na mota ya fi bunƙasa a Amurka, musamman kudancin Kalifoniya, inda akwai farautar da ake wuni ana yi, dila ya ɓuya a nisan ɗaruruwan kilomita.

Mene ne bambancinsa da na ƙafa?

Na ƙafa gasa ce mai ƙa'ida ɗaya a duk duniya. Ana ɓoye na'urori 5 a daji, kowace ta yi magana minti ɗaya ta ba ta gaba, a cikin minti 5 su zagayo. Suna bayyana kansu da harrufan Mos, wato harrufan da ake aikawa da gajeru da dogayen sauti: MOE, MOI, MOS, MOH, MO5. Ana yin ta a zangon mita 80 da na mita 2 (zango shi ne rukunin lambobin rediyo da aka ware wa wani aiki), ɗan wasa yana gudu da taswira da kamfas. Na mota ba shi da ƙa'idar duniya, kowane gari da irin tasa (duba amsar da ke kan ƙa'idoji). Galibi dila ɗaya ne, fili ya fi faɗi, kuma ƙarshen farautar ƙafa ce dai, domin mota ba ta shiga inda dila yake zaune.

Sai da lasisi?

Ga dila, ƙwarai kuwa. Shi ne mai watsawa, kuma watsa sigina a zangunan masu sha'awa sai da lasisi da alamar kira, wato harrufa da lambobin da hukuma ke ba mai lasisi a matsayin sunansa a rediyo. Alamar kiran Nijar tana farawa da 5U, kamar yadda ta Najeriya take farawa da 5N, ta Burkina Faso da XT, ta Benin da TY. Hukumar da ke rabon zanguna a ƙasarmu ita ce ARCEP, can za ka kai buƙatarka a rubuce, ka karɓi sharuɗɗa daga bakinsu, ba daga bakin mai shago ba. Dokokin rediyo na ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 25, sun ɗora wa kowace ƙasa alhakin tabbatar da ƙwarewar wanda za ta ba lasisi, sun wajabta faɗin alamar kira a kai a kai, sun kuma hana ɓoye ma'anar saƙo. Tun 2003 sanin Mos ya daina zama sharaɗin dole a matakin duniya, sai ƙasar da ta ga dama.

Mafarauci kuwa saurare kawai yake yi, ba ya danna maɓallin magana. Sai dai jami'in da ya tsayar da kai ba zai tambaye ka ko ka danna ba. Abin da zai gani oba-oba ce mai iya watsawa a hannunka. Saboda haka a kowace mota a samu mai lasisi, ko kuma a yi aiki da na'urar da ba ta iya watsawa sam (duba amsar kayan aiki). Kada kuma ka ruɗu da ƙananan oba-oba na megahaz 446 da ake cewa ba sa buƙatar lasisi. Wannan sassauci dokar Turai ce, ba ta biyo kwalin zuwa kasuwar Katako ba.

Jami'an tsaro fa? Ba za a ɗauke mu wasu abu daban ba?

Za a ɗauke ku, in ba ku riga kun yi bayani ba, kuma ba laifin jami'in ba ne. Ka duba abin da idonsa zai gani: mota ta tsaya gefen hanya, mutum uku sun fito, ɗaya yana juya ƙarfe mai rassa yana saita gine-gine, ɗaya yana ja wa taswira layi. A halin da ƙasa take ciki, wanda bai tsayar da ku ba bai yi aikinsa ba. Shi ya sa a Yamai farauta tana farawa ne da takarda. A rubuta wa komisariya da jandarma kwanaki kafin ranar, a faɗi rana da awa, da iyakar filin, da lambobin motoci, da sunayen ƴan wasa, da lambar rediyon da za a watsa a kai, a haɗa da kwafin lasisi. A karɓo amsa a rubuce, kowace mota ta riƙe kwafi. In an ce a'a, to an gama magana.

Akwai wuraren da ba sa shiga fili ko da an sami izini: filin jirgin Diori Hamani da kewayensa, barikokin soja, fadar shugaban ƙasa da ma'aikatun da ke Filato, ofisoshin jakadanci, da kan gadojin kogi uku. A kan gada ba a tsayawa, ba a ɗaga eriya. Kada a wuce shingayen bakin gari ta hanyar Tillaberi, ko Wallam, ko Filinge, ko Say, ko Torodi. Jihar Tillaberi ce ta kewaye Yamai, kuma sassanta da dama suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017.

In an tsayar da ku, a kashe mota, a ajiye eriya ƙasa, babba a cikinku shi kaɗai ya yi magana: "Sannu da aiki, shef, ga takardarmu." A bar shi ya saurari rediyon da kunnensa in yana so. Mai unguwar da dila zai zauna a cikinta shi ma a je a gaishe shi tun jajibere, domin ƴan unguwa ne za su fara ganin baƙin fuskoki.

A wane zango ake yi, kuma wace lamba za mu sa?

Zangon mita 2 ne gidan wannan wasa, domin eriyarsa ba ta fi a riƙe da hannu ba. Nijar tana cikin yanki na 1 na ITU tare da sauran Afirka da Turai, inda zangon yake daga megahaz 144 zuwa 146. A nan ne masu kwafo daga intanet suke faɗawa rami. Amurkawa zangonsu ya kai 148, kuma lambar farautarsu da ta shahara ita ce 146.565, wadda a wurinmu tana wajen zangon masu sha'awa baki ɗaya. A cikin zangon ma akwai wuraren da ake kaucewa: 145.500 ta kiran juna ce, 144.800 ta saƙonnin nuna wuri, daga 145.800 zuwa 146 kuma na taurarin ɗan'adam ne. Lamba irin 145.400 ta yi, in ta dace da abin da ke rubuce a lasisin dila. A saurare ta tukun a tabbatar babu kowa a kai.

Wane kaya ne mafi ƙaranci da zan fara da shi?

Rediyon da ke kama zangon kuma yake nuna ƙarfin sigina, eriya mai fuska ɗaya, akwatin rage ƙarfi, taswirar gari, kamfas, ruler da fensir. Sai ruwan sha, wanda aka fi mantawa da shi. Ga wanda ba shi da lasisi, ƙaramar na'urar RTL-SDR da ake soka wa waya ko kwamfuta ta fi dacewa. Tana kama daga wajen megahaz 24 har sama da 1,700, tana zana ƙarfin sigina a fuskar waya, ana rage mata ji daga cikin manhaja, kuma ba ta iya watsa komai. Aibinta zafi da cin batir, da kuma kallon fuskar waya a tsakar rana.

Taswirar takarda ta fi ta waya a wannan aiki, domin a kanta ne za ka ja layi mai tsawo ka ga inda ya haɗu da wani. A buga ta babba, a manna a kan katako.

Ina da oba-obar Baofeng. Ta isa?

Ta isa a fara, amma ka san halinta. Samfurin UV-5R tana kama megahaz 136 zuwa 174 da 400 zuwa 520, wato zangunan biyu da za ka buƙata. Matsalarta ma'aunin ƙarfi, wanda kusan ado ne: ko ya cika ko ya ɓace. Kuma in ka matso kusa da turken wata tashar FM mai ƙarfi, sai ta kurmance, ko ta riƙa jiyo abin da babu. Dabara ita ce ka buɗe ta gaba ɗaya har ka ji shuuu, ka yi aiki da kunne. Inda shuuu ya ragu murya ta fito tas, can ne sigina ya fi ƙarfi. Da akwatin rage ƙarfi za ka riƙa mayar da sigina bakin wannan iyaka duk lokacin da ya cika.

Zan iya haɗa eriyar da kaina?

Za ka iya, kuma da kayan Katako. Eriyar da aka fi amfani da ita ita ce Yagi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka fito da ita a jami'ar Tohoku ta Japan a 1926. Mafarauta suna yin ta da tef ɗin awo na ƙarfe irin na magina, mai faɗin santimita 2 da rabi, a kan tiyon PVC. Amfanin tef shi ne yana lanƙwashewa ya miƙe, ka shiga mota da shi ka fita, ka ratsa ƙaya, bai karye ba.

Rassa uku ne. Na baya santimita 105. Na tsakiya gida biyu ne, kowane 45, da ɗan rata a tsakaninsu, a nan ake haɗa kebul. Na gaba 89. Daga na baya zuwa na tsakiya santimita 20, daga na tsakiya zuwa na gaba 32. A kankare fentin tef a inda za a lika da dalma, a haɗa gidajen biyu na tsakiya da ƴar waya mai tsawon santimita 13 da aka lanƙwasa. Kebul ya zama RG-58 mai om 50. Na talabijin 75 ne, a saurare zai yi maleji amma ba shi ne daidai ba. A naɗe bakin kowane reshe da salatif, domin yankakken tef yana yanka, kuma a daidai ido yake yawo.

Kafin ranar farauta a gwada ta a buɗaɗɗen fili. Wani ya tsaya nesa da na'ura inda kake ganinsa, ka juya a hankali ka ga ko ƙarfin ya faɗo daidai kansa, ka ga kuma yadda baya yake raguwa. Eriyar da gabanta da bayanta suke ji daidai za ta kai ka Gudel alhali dila yana Saga.

Yaya ake ɗaukar saiti a sa shi a taswira?

Ka fita daga mota ka yi nisa da ita taku goma sha, domin jikinta yana karkatar da sigina, yana kuma ruɗa kamfas. Ka ɗaga eriya, rassanta a tsaye in dila eriyarsa a tsaye take. Saɓanin haka yana iya cinye desibel 20, wato sigina ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. Ka zagaya gaba ɗaya, sannu a hankali, kada ka tsaya a ƙarfin farko da ka ji. Bakin Yagi mai rassa uku yana da faɗi, saboda haka tsakiyarsa ba ta fitowa sarai. Ka nemo inda sigina ya fara faɗuwa ta dama, da inda ya fara faɗuwa ta hagu, ka raba biyu. Kamfas ɗin waya da kake duba alƙibla da shi ya wadatar. In kana shakkarsa, alƙiblar Yamai tana wajen digiri 72 daga arewa, ka gwada shi da ita. Bambancin arewar kamfas da ta taswira a nan ƙanƙane ne, bai kai a damu da shi ba.

Layi ɗaya yana gaya maka ɓangare ne kawai, ba ya faɗin nisa. Sabon shiga yakan bi layin nan kai tsaye, gwani kuwa yakan ratse gefe kilomita biyu ko uku ya ɗauki na biyu, domin layukan su gicciye da kusurwa mai faɗi. Na uku shi ke fitar da ƙaramin alwatika, dila yana ciki ko kusa. Kada ka ɗauki alwatikan nan da muhimmancin da ya wuce kima. Kuskuren digiri 5 a nisan kilomita 10 yana kauce wa wuri da kusan mita 870, na digiri 10 kuma ya haura kilomita ɗaya da rabi, unguwa guda ke nan. Shi ya sa ake sake saiti duk lokacin da aka matsa, tsohon layi kuma a bar shi a taswira, kada a goge.

Eriyata tana nuna wuri biyu, wani lokaci uku. Ta lalace ne?

Lafiyarta lau. Ka taɓa jin kiran salla kamar daga yamma yake zuwa, alhali ka san masallacin yana gabas, bangon maƙwabci ne ya dawo maka da muryar? Haka sigina na mita 2 yake yi. Yana dukan bene, da tankin ruwa na shato, da kwantena, da rufin kwano, da turakun wuta, ya dawo ta wata fuska. In akwai abin da ya tare tsakaninka da dila, wanda ya dawo ɗin yana iya fin na gaskiya ƙarfi.

Yamai tana da nata tarkon. Tsakanin Babbar Kasuwa da bakin gadar Kennedy dogayen benaye sun yi yawa, saitin da aka ɗauka a can ba abin dogaro ba ne. Kwarin kogi shi ne babba. Gaɓar hagu tana da tudu, Harobanda, wato ƙetaren kogi, tana ƙasa, bayanta kuma ga duwatsun nan uku. Dilan da ya zauna a gangaren bakin kogi yana iya ɓacewa ga wanda ke bayan tudu kusa da shi, amma a ji shi tangaran daga ƙetare, domin saman ruwa babu abin da ke tarewa. Sai tawaga ta haye gada a banza ta dawo. Maganin abin shi ne tudu da sarari. A mita 2 daga ƙasa eriya tana hango kusan kilomita 6 ne kawai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a mita 25 kuwa ta haura 20. Saiti ɗaya daga wuri mai tsayi ya fi biyar daga cikin lungu.

Ga alamomin gane na ƙarya. Ka matsa taku biyar ka sake: na gaskiya yana nan inda yake, na ƙarya yakan yi tsalle. Ka kwantar da rassan eriya: na gaskiya zai faɗi sosai, wanda ya daki gini ya dawo sau da yawa ba ya faɗuwa haka. In kuma layinka ya ƙare daidai kan wani shato, ka zargi shaton tukun.

Na matso kusa, yanzu ko'ina na juya ma'auni a cike yake. Yaya zan yi?

Barka, ka iso unguwar, nan ne kuma mafi yawan tawagogi suke ɓata rabin awa. A sarari, duk lokacin da ka rage rabin nisa sigina yana ƙaruwa da desibel 6, wato ninki huɗu. Rediyo ya ƙoshi, sai a rage masa. Akwatin rage ƙarfi ana sa shi tsakanin eriya da rediyo, yana da maɓallai: desibel 3 rabi, 10 kashi ɗaya cikin goma, 20 kashi ɗaya cikin ɗari. Yawan abin da ka danna shi kansa ma'aunin kusanci ne. Amma a ƴan ɗaruruwan mita na ƙarshe sigina yana shiga ta jikin rediyon kai tsaye, akwatin ya zama banza.

A nan akwai dabaru uku. Ta farko, ka kauce daga lambar da kilohaz 5 ko 10. Ta biyu, ka ninka lambar sau uku ka saurara a can: in dila yana 145.400, ka koma 436.200, inda ɗan abin da ke tsiyayowa daga na'urarsa ba ya jiyuwa sai a kusa. Ta uku, akwai wani akwatin da ke gauraya sigina da megahaz 4, ka saurara a 149.400 ko 141.400, kana murɗa ƙarfin yadda kake so. Wannan shi ya fi duka, sai dai kada ka kuskura ka danna maɓallin magana a can: ba zangonmu ba ne, akwatin ma zai ƙone. In babu ko ɗaya, cire eriya, ka manna rediyo a ƙirji ka juya. Inda ya fi raunana, dila yana bayanka.

Na ga motoci masu eriya huɗu a kan rufi. Wannan fa?

Dofla ke nan. Sanduna huɗu ne, kowace kusan rabin mita, a jere murabba'i. Na'ura tana sauya su ɗaya bayan ɗaya sau ɗaruruwa a daƙiƙa, sai ya zama tamkar eriya ɗaya ce ke zagaye da gudu. Wannan yana haifar da wani sauti a rediyon FM, daga shi ake lissafa ɓangaren, a nuna a da'irar ƙananan fitilu. Amfaninta ba sai an tsaya ba, hasali ma ta fi gaskiya in mota tana tafiya, domin ƙaryar gine-gine tana bajewa. Amma tana son sigina mai ƙarfi kuma a tsaye, a wurin tashi sau da yawa ba ta jin komai, sai Yagi ta fara nuna hanya. Na zamani irin KrakenSDR eriya 5 gare shi, yana zana layin a taswirar waya da kansa.

A ganina ba da ita ake farawa ba. Wanda bai koyi zargin sigina da hannunsa ba, fitila za ta yi ta yawo da shi. Ga duwan, wato kwastan, wajen shigo da ita, ga kuma rufin mota mai sanduna biyar a shingen bincike (koma amsar jami'an tsaro).

Mutum nawa a mota, kuma za a iya saiti ana tafiya?

Uku: direba, mai eriya, mai taswira. Direba tuƙi ne aikinsa, ba ya taɓa rediyo, ba ya leƙa taswira. A wasu ƙasashe ana huda rufin mota a zura sandar eriya a riƙa juya ta daga ciki. A titunanmu, da kabu-kabu da amalanke da yara da wayoyin wutar NIGELEC da suka sauko, fito da ƙarfe ta taga neman magana ne. A tsaya, a fita, a ɗauka. Sauri ya haifi nawa. Mata da yara suna shiga ba tare da wata matsala ba, kujerar taswira ma ta fi dacewa da ɗan makarantar da ke koyon kusurwa.

Waɗanne ƙa'idoji ake bi, kuma wa ya ci?

Hanya biyu ce: wanda ya riga isa, ko wanda ya isa da mafi ƙarancin kilomita. Ta biyu ce ta dace da mu. Ana rubuta lambar kilomitan kowace mota a wurin tashi, dila ya sake rubutawa in ta iso. Ba wanda zai yi gudu, mai ya ragu, kuma wanda ya tsaya ya yi tunani shi ke ci. Sauran a amince a kansu tun kafin tashi: iyakar fili, lokacin rufewa, tsawon maganar dila da tsawon shirunsa, cewa dole a ji shi daga wurin tashi, ba zai sauya wuri ko ƙarfi ba, kuma ba zai fi ƴan taku daga inda mota ke iya tsayawa ba. Tawagogi ba sa gaya wa juna saiti a waya. Lokacin salla a tsaya, dila ma ya kashe.

Ni aka zaɓa dila. Ina zan ɓuya?

Doka ta farko: kada ka bar na'ura ita kaɗai. A hotunan ƙasashen waje za ka ga an sa ta cikin tsohon akwatin harsasai an ɗaure a gindin bishiya. Akwati mai waya da eriya da aka yasar a gefen hanya a Yamai sunansa daban, kuma abin da zai biyo baya ba wasa ba ne. Ka zauna tare da ita, takarda a aljihu. Ban da gidan mutane sai da yardarsu, ban da makaranta, asibiti, maƙabarta da harabar masallaci.

Wayo ba ya buƙatar wuri mai haɗari. Zama a teburin mai shayi da eriya a cikin buhu ya isa ya sa a wuce ka sau uku. Wat ɗaya ya wadatar a cikin gari in wurinka ba rami ba ne. Oba-oba ba a yi ta don doguwar watsawa ba, tana zafi, saboda haka ka sa ƙaramin ƙarfi, daƙiƙa 30 magana, minti ɗaya ko biyu hutu, a inuwa, da batir na biyu. Ka faɗi alamar kiranka a kai a kai. Farautar farko ka sauƙaƙa, in kowa ya koma gida bai same ka ba, wata mai zuwa kai kaɗai za ka fito.

Wane lokaci ne ya fi?

Lokacin sanyi, Disamba da Janairu, da safe bayan an karya, Asabar ko Lahadi. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, batir da mutum duk suna galabaita. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, hadari yana tasowa ba sallama, kuma mai riƙe da ƙarfe sama a fili shi tsawa take nema. Da an ga gabas ta yi baƙi a sauke eriya. Ga kuma ambaliyar unguwannin bakin kogi da hanyoyin da ruwa ke yankewa. Dare ba ya cikin lissafi.

Mu a Tawa muke. Abin da aka faɗa ya shafe mu?

Lasisi da izini duk ɗaya ne, kuma arewacin jihar da yammacinta suna da nasu dokokin tsaro, saboda haka a tsaya cikin gari. Ta fuskar sigina kun fi mu sauƙi: benaye kaɗan ne, ga tuddan rairayi a gefen gari da za a hau a ɗauki saiti mai tsabta. Wahalarku yashi ne, ƙaramar mota tana kafewa. Tsaunukan Adar da kwaruruwansu ta wajen Keita da Buza suna iya ɓoye sigina ƙwarai, amma wannan sai ranar da hanya ta yi lafiya.

Ban da nishaɗi, yana da wani amfani?

Yana da shi. Da wannan ƙwarewa ake gano oba-obar da maɓallinta ya maƙale ta toshe wa kowa zango, ko na'urar da ta lalace tana zuba hayaniya. Jirgin sama da ya faɗi, na'urarsa ta neman ceto tana kuka a megahaz 121.5 da 406, masu ceto suna bin na farkon da irin wannan eriya. Masu kula da namun daji haka suke bin dabbar da aka sa wa abin wuya mai sigina. Balan-balan ɗin auna yanayi suna watsawa tsakanin 400 da 406, a wasu ƙasashe har farautar inda suka faɗo ake yi. In ka gano mai katsalandan, iyakarka ka rubuta lamba da lokaci da wuri ka kai wa ARCEP. Ƙwanƙwasa masa ƙofa ba aikinka ba ne.

In lokaci ya ƙare ba mu same shi ba fa?

Kafin tashi ana ba kowace mota rufaffen ambulan mai ɗauke da wurin da dila yake da lambar wayarsa. In lokaci ya cika, ko mota ta lalace, ko an riƙe ku a shinge, ku buɗe. Wanda ya iso da ambulan a buɗe ya fita daga gasa, amma ya zo wurin taron dai da taswirarsa. A shimfiɗa ta kusa da ta waɗanda suka samu, a sa ɗigo inda dila ya zauna, a bi layukan ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ya kauce, daga ina aka ɗauke shi, me ke tsaye a gabansa. Wurin da ya ba tawaga biyu saitin ƙarya a yi masa jan zagaye a taswirar kowa, kada a sake tsayawa can.